Yadda za ka ga likita a asibitin gwamnati ba tare da ka bi layi sau biyu ba

Shekara shida ke nan ni nake kai Ummanmu asibiti, hawan jini ne da ciwon suga, kuma duk wanda yake da mai irin wannan lalura a gida ya san ba ciwon da ake zuwa sau ɗaya a gama ba ne, duk bayan wata biyu ko uku sai an koma. A farkon zuwanmu akwai wata Litinin da ba zan manta ba, mun bar gida ana idar da sallar asuba, muka zauna a kan bencin nan na katako har aka yi azahar, sai wajen ƙarfe biyu aka kira sunanta. Muna shiga likita ya buɗe fayil, ya ɗago kai ya ce "Mama ina sakamakon gwajin da aka rubuta miki wancan zuwan?" Ta kalle ni, na kalle ta. Ashe takardar tana nan a ninke a ƙasan jakarta tun ranar da aka ba ta, ita wai ta ɗauka ta magani ce da an riga an saya. Ko minti uku ba mu yi a ɗakin ba, ya ce a je a yi gwajin a dawo bayan sati biyu. Awa takwas ta tafi a banza, ga kuɗin adaidaita, ga shi na rufe shago yini guda.

Tun daga ranar na daina tunanin yadda zan tsallake layi, domin layin nan ba ni zan kashe shi ba, ba kuma kai ba. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitocin da suka bar Najeriya cikin shekara biyar sun kai 15,000 zuwa 16,000, waɗanda ke ƙasar kuma 55,000 ne, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma su ɗin ma ba daidai aka raba su ba, Legas da Abuja sun kwashi kaso mai tsoka. To ka ga jira kam dole ne. Abin da ke hannunka shi ne ka rage masa 'yan awanni, sannan uwa uba kar ka bi shi sau biyu a kan abu ɗaya. Kuma in ka lura da kyau, rabin zaman da ake yi ba likita ake jira ba, takarda ake jira: kati, rasit, fayil, sakamako.

Fara da tambayar kanka ko ƙofar da za ka buga ita ce ta ciwonka. Asibitocin gwamnati a Najeriya hawa uku ne, akwai ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye da muke cewa sha-ka-tafi, akwai janar da na ƙwararru na jiha, sai na koyarwa irin su Malam Aminu Kano, Shika a Zariya, na jami'ar Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri. Mutum ya tashi da zazzaɓin kwana biyu ya ce shi sai babban asibiti, wallahi kansa ya cuta, gwajin maleriya na tsinke minti 15 zuwa 20 ne ya fito kuma asibitin unguwa suna yi, haka awon hawan jini, rigakafin yara, awon ciki mara matsala. Babban asibiti kuma ba kai tsaye ake faɗa wa likitan zuciya ko na ƙoda ba, ko dai ka bi ta GOPD inda likitocin iyali ke fara duba kowa su tura shi inda ya dace, ko ka zo da takardar turawa daga asibitin da ka fara zuwa. In za a rubuta maka takardar nan ka roƙi a sa sunan ɓangaren da za ka, da abin da aka riga aka yi maka da magungunan da ka sha, in kuma abin na gaggawa ne a rubuta hakan a jiki. Sannan kowane kilinik da ranarsa, na masu suga daban, na ido daban, na ƙashi daban, na sha ganin mutum ya taso daga ƙauye tun dare a ce masa ai yau ba ranarsu ba ce sai jibi. Matambayi ba ya ɓata, ka tura wani ko ka kira wanda ya saba zuwa ya faɗa maka ranar kafin ka hau mota.

Aikin gaske kuma kafin ranar ake yin sa, a gida.

Katin asibiti, ɗan ƙaramin nan da ake bayarwa, lambar da ke jikinsa ita ce lambar fayil ɗinka, da ita ake nemo shi cikin dubban fayiloli. Ka ɗauke shi hoto a waya yau ɗin nan, ka tura wa wani ɗan'uwa ta WhatsApp, ka kuma rubuta lambar a wani wuri daban. In kati ya ɓata kana da lamba, abin da sauƙi. In babu lamba sai a ce ka buɗe sabon fayil, ka biya kuɗi, ka bi layi, kuma duk tarihin ciwonka na shekaru ya zauna a tsohon da ba wanda zai sake buɗewa, sabon likita ya fara da kai daga farko kamar yau ka fara ciwo.

Gwaji kuwa, ka ƙirga kwanaki baya-baya daga ranar ganin likita. Akwai wanda yake fitowa a ranar, akwai irin na fitsari ko jini da ake ajiyewa a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, wannan sai ya yi kwana biyu uku ko fiye, hoto da sikanin kuma wani wurin su ma sai an ba ka rana. Ni yanzu sati guda kafin ranar Umma nake kai ta lab, in karɓo sakamako kwana biyu kafin, in ɗauke shi hoto shi ma. Ka tambayi ma'aikacin lab ko gwajin na azumi ne, na suga na safe sai an yi aƙalla awa 8 ba a ci komai ba, ruwa zalla dai ba laifi, amma shayi ko koko ko ɗan goro duk sun ɓata shi, kuma tsofaffi ba sa ɗaukar koko a matsayin abinci, sai ka ce kin ci wani abu ta ce a'a, ashe ta sha kofi guda. Akwai wani gwajin sugan, HbA1c, da ke nuna yadda sugan ya kasance a kusan wata uku da suka wuce, shi ba ya buƙatar azumi. Sikanin mara na mata yawanci sai mafitsara ta cika, in kika je kin riga kin yi fitsari za a ce ki fita ki sha ruwa ki jira, layi kuma ya wuce ki. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin ya tambayi likita tun a wancan zuwan yadda zai yi da maganinsa a safiyar gwajin azumi, kar ya yi gaban kansa.

Magunguna duk a zuba su a leda ɗaya da kwalayensu, har wanda aka saya a kemis ba da takarda ba, har jiƙo da garin magani da wanda maƙwabciya ta kawo daga Umra. "Wani ɗan ƙarami ne fari" ba bayani ba ne, rabin magungunan duniya ƙanana ne farare, sai likita ya ɓata minti biyar cikin goman da yake da su yana lalube. Kuma kar a ɓoye na gargajiya don tsoron faɗa, ƙodar mutum ba ta san wanne ne na Bature wanne ne na Hausa ba.

Sai kuɗi. Ka riƙe tsaba ka riƙe katin ATM, domin ba ka san wanne zai yi aiki ranar ba. Asibitocin tarayya kuɗinsu asusun bai-ɗaya na gwamnati yake shiga, wasu ta manhajar biyan kuɗi ta Remita, kuma ranar da netwok ya ɗauke sai ka ga layin biyan kuɗi ya fi na likita tsawo. In ana yarda a biya tun kafin ranar, ka biya ka ajiye rasit. Masu inshorar lafiya, ko ta tarayya NHIA wadda a da ake ce wa NHIS kafin dokar 2022, ko ta jiha irin KSCHMA a Kano, ku sani in za a tura ku wajen ƙwararre ko wani babban gwaji sau da yawa sai an samo lambar amincewa tukuna, kuma lambar nan ba lallai ta zo cikin minti goma ba, ku je teburin inshora kwana ɗaya ko biyu kafin nan a fara nema, ba ranar da mara lafiya ke zaune a benci ba.

Abu na ƙarshe a daren: ka saurari labarai. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, su ne ƙashin bayan manyan asibitoci, ranar da suka shiga yajin aiki kilinik kusan tsayawa yake ko a rage mutanen da za a gani. Haka in JOHESU, haɗaɗɗiyar ƙungiyar sauran ma'aikatan lafiya, ce ta tafi, ko da likita yana nan ba mai fito da fayil, ba lab, ba famasi. Ga hutun gwamnati da ake sanarwa ana gobe. Kira ɗaya zai hutar da kai kuɗin mota.

Wace rana ta fi sauƙi? In kai ke da zaɓi, ka guji Litinin, duk wanda ya daure ciwonsa Asabar da Lahadi ranar yake fitowa, haka ranar farko bayan hutun Sallah. Juma'a gajeriya ce, sha biyu na yi hankalin kowa ya koma masallaci, in ba ka ga likita da wuri ba lab da famasi sai Litinin. Ɓangaren yara kuma daga tsakiyar damina zuwa kaka, wato Agusta zuwa Oktoba, maleriya ce ke cika shi, in abin ba na gaggawa ba ne kuma ana iya ɗaga ranar, to ka san lissafin da za ka yi.

Maganar sammako, a nan mutane ke wahalar da tsofaffinsu ba dalili. Hausawa sun ce in ka yi sammako wani a tafe ya kwana, a asibiti ma haka ne, ko ƙarfe biyar ka zo za ka tarar da katuna a ƙasa an ɗora musu dutse. Abin da ya kamata ka sani shi ne tsarin wurin: wasu da jerin ajiye kati suke bi, wasu lamba suke rabawa a bakin ƙofa, wasu 'yan kaɗan sun fara ba da lokaci. Ka tambayi ƙarfe nawa ake buɗe rekod, wato ofishin ajiye fayiloli, ƙarfe nawa nas ke fara awo, ƙarfe nawa likitoci ke zama. A manyan asibitoci likitocin sukan fara da taron safe da zagayen marasa lafiyar da ke kwance kafin su sauko kilinik, shi ya sa za ka ga tara ta wuce ɗaki a rufe, ba wai duk daga gida suke makara ba, ko da yake masu makarar ma akwai su, kar mu yaudari juna. To in likita ba zai zauna ba sai tara da rabi, mene ne amfanin ajiye tsohuwa mai shekara saba'in a benci tun shida? Mu abin da muke yi, ƙanina ya tafi da kati tun da duku-duku ya ajiye ya karɓi lamba, ni kuma in taho da Umma wajen takwas ta riga ta karya ta sha maganinta. Amma ka fara tambaya ko an yarda da haka, wani wurin sai sun ga mara lafiya da idonsu, kuma in aka kira suna don awo ba kwa nan fayil ɗin ƙasan tari yake komawa.

Ku je ku biyu in da hali. Ɗaya ya zauna da mara lafiya kunnensa na wajen kira, ɗaya ya yi ta zirga-zirgar biyan kuɗi da rekod. Wanda ya je shi kaɗai, yana layin kashiya ake kiran sunansa a can. Kuma ku zauna inda za ku ji, ba ƙarƙashin bishiya can nesa ba don iska, yawancin wuraren ba lasifika, murya ce kawai cikin hayaniya. Ga sunayenmu iri ɗaya, a kira Aisha Muhammad mata huɗu su miƙe, saboda haka in an kira ka leƙa lambar da ke bayan fayil ka gwada da ta katinka. Mun taɓa shiga, sai ga likita yana karanto magungunan da Umma ba ta taɓa sha ba, ashe fayil ɗin wata mai sunanta ne.

Fayil shi ne inda aka fi yin asarar lokaci, kuma shiru ba ya fito da shi. In ka ga waɗanda suka zo bayanka an auna su kai ba a kira ka ba, kar ka zauna kana haƙuri har azahar, kar kuma ka tashi da faɗa. Ka je tagar rekod ka yi sallama, "Malam sannu da aiki, don Allah a duba min wannan lambar, tun bakwai muka ajiye ban ji an kira ba." In ya ce ba a gani ba, kai za ka taimaka masa da inda zai nema: an kwantar da ita watan jiya a ɗakin mata, ko satin da ya wuce mun je ɓangaren ido. Sau tari fayil ɗin yana can inda aka yi amfani da shi na ƙarshe ba a dawo da shi ba. Shi ya sa in an taɓa ba ku gado ko kun ga wani likitan a tsakani, ka je ana gobe ka tabbatar ya dawo. In ya ƙi fitowa, ka roƙi a buɗe na wucin gadi a ga likita da shi, a nan hotunan sakamako da ledar magani za su cece ka. Inda aka koma kwamfuta babu wannan wahalar, sai dai ta wuta da netwok. Kuma ka san sunan mutanen nan, ma'aikacin rekod, nas ɗin da ke kan tebur, mai shara, maigadi, ka gaishe su ko ranar da ba ka buƙatar komai, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, su ne za su ce maka "yau likita ɗaya ne, ka je ka yi sallah ka dawo ba za a kai kanku yanzu ba."

Wajen awo, a bar mutum ya zauna ya huta kamar minti biyar kafin a ɗaura masa abin awon jini, wanda ya hau bene yana haki aka auna shi nan take dole ya hau. Goro da kofi da sigari ma suna ɗaga shi, a bari sai an fito. Mai hawan jini ya sha maganinsa na safe yadda ya saba sai in likita ne ya ce kar ya sha, wasu na ƙin sha wai don likita ya ga ciwon da kyau, alhali abin da likita ke son gani shi ne ko maganin yana aiki. Mai suga kuma kar a fito da shi ba guzuri, dabino ko lemon kwalba mai suga da ɗan abinci a cikin kula, in ya fara karkarwa, gumi, jiri ko maganarsa ta fara rikicewa, sugan ne wataƙila ya faɗi, ƙasa da 70 a na'urar gida ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, a ba shi abu mai zaƙi in yana iya haɗiya a kuma gaya wa nas nan take. Sauran kayan zama ka san su, ruwa, mafici, sallaya, cajar waya, takunkumi saboda masu tari, 'yan canji na banɗaki. Mai ciwon ƙafa a tambayi keken tura marasa lafiya tun daga bakin get.

Akwai kuma ciwon da ba a bin layi da shi sam, wannan ko ba ka riƙe komai a rubutun nan ba ka riƙe shi. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe farat ɗaya. Ciwon ƙirji mai danna mutum da gumi. Numfashi na sarƙewa. Mai ciki na zubar jini ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko jijjiga. Yaro na suma, ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi. Waɗannan emajensi ake nufa kai tsaye ko ƙarfe nawa ne, in kuma a kan benci abin ya faru ka ɗaga murya ka kira nas, ba wurin kara ba ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin duba mai buƙatar taimakon gaggawa. Ta ɗaya gefen kuma, in ka ga an shigar da wani gabanka yana numfashi sama-sama, ba son kai aka yi ba, aikin nas ɗin ke nan ta ware wanda ba zai iya jira ba.

To an kira ku, kun shiga. Minti biyar zuwa goma ne, a waje mutum hamsin na jira, kuma a nan tarbiyyarmu take cutar mu. Likita ya ce Mama ya jiki, ta ce da sauƙi alhamdulillahi. Matar da ta kwana uku ba ta yi barci ba saboda ƙafa na mata zugi! Ita a wajenta amsa gaisuwa ta yi, shi kuma ya rubuta tana samun sauƙi. Saboda haka tun a gida nake zama da ita in ce Umma me da me za mu faɗa, in rubuta abu uku mafi damunta, kowanne da tun yaushe ya fara, me ke tayar da shi, me aka sha. A gaisa a taƙaice, sai a fara da wanda ya fi tsanani, ba a ajiye shi sai an miƙe za a fita a ce "af likita, na manta, ina ganin jini a bayan gida" ba. Kuma ka san akwai abin da uwa ba za ta faɗa a gaban ɗanta ba, haka matar aure gaban mijinta ko surukarta, ni in na gama nawa bayanin sai in ce likita bari in ɗan fita ko tana da magana, in bar ta da shi da nas.

A asibitin koyarwa ba lallai ka sake ganin likitan da ka gani wancan karon ba, masu neman ƙwarewa suna juyawa, sababbin likitoci masu horon shekara ɗaya ma duk wata uku suke sauya ɓangare. Don haka ka zama kai ne mai riƙe da tarihin. Ɗan littafi nake da shi irin na 'yan makaranta, duk sati in kai ta kemis ɗin unguwa ko in auna ta a gida in rubuta kwanan wata da abin da ya nuna, da ranar da aka canja magani da dalilin canjawa. Likitoci na son littafin nan ba kaɗan ba, kallo ɗaya suke masa su san inda aka kwana.

Kafin ka tashi daga kujerar ka tabbatar ka san sunan ciwon, yadda za a sha kowane magani da tsawon kwanakin, wane gwaji za a yi kuma yaushe, ranar dawowa, da alamar da in an gani ba sai an jira ranar ba. Ka maimaita masa abin da ka fahimta da bakinka, in ka yi kuskure ya gyara. Ka duba ko maganin da aka rubuta zai kai har ranar dawowa, an sha rubuta na wata ɗaya a ba da ranar wata uku, mutum ya zauna wata biyu ba magani ko ya dawo ya sake bin layi don takarda kawai. In ranar da za a ba ka ta yi nisa kuma jikin ba zai jira ba, a ɗakin likita ake wannan maganar, shi ke da ikon rubuta a dawo da wuri, ma'aikacin rekod abin da aka rubuta kawai yake bi, roƙonsa ɓata baki ne.

Kana fitowa kuma gajiya za ta ce maka ku tafi gida, kar ka biye mata. Ka koma rekod a rubuta ranar a kati da kuma rajistarsu, ka biya ta lab ko ɗakin hoto ka karɓi rana in ana bayarwa, ka tambayi kuɗin don ka shirya, ka raba takardu, ta magani daban ta gwaji daban, ka sa ranar a wayarka da ƙararrawa sati guda kafin.

Na san wani zai ce duk wannan dogon zance ne, ai in ka san wani a ciki shi ke nan. Gaskiya ne ana yi, ni ma na taɓa yi sau ɗaya, wani abokin yayana ya shigar da mu ta ƙofar baya, muna fitowa na haɗa ido da wata tsohuwa da jikarta da muka tarar tun safe da ƙullin kayansu, daga gani daga nesa suka zo, ba ta ce min komai ba, Umma ce ma da muka hau adaidaita ta ce ɗan nan kar ka ƙara yi min haka. Ban da wannan, akwai masu yawo a harabar asibiti suna cewa kawo kuɗin in biya maka in fito maka da fayil, kar ka ba kowa kuɗi sai a tagar biya, kuma ka karɓi rasit. In an yi maka abin da bai dace ba, an wulaƙanta ka ko an nemi na goro, asibitocin tarayya suna da ofishin SERVICOM, tsarin da aka kafa tun 2004 zamanin Obasanjo don karɓar koken jama'a, kuma tun 2018 akwai takardar haƙƙoƙin mara lafiya da gwamnati ta ƙaddamar, wasu asibitocin sun manna ta a bango. Ka rubuta rana da lokaci da ɓangaren da abin ya faru ka kai, ko ka nemi shugabar nas ta wurin. Zagi da ɗaga waya kana bidiyo ba ya matso da fayil ɗinka, ga shi za ka ɗauki fuskokin marasa lafiyar da ba su ba ka izini ba.

Asibitin kuɗi fa? In aljihu zai ɗauka, yana rage zama, wani lokacin ma likitan da ka yini jira shi za ka tarar a can da yamma. Sai dai fayil ɗinka ba ya bin ka, in za ka haɗa biyun ka riƙa karɓar kwafin sakamako da sunayen magunguna kana kai wa kowane ɓangare, kar wannan ya rubuta nasa wancan ya rubuta nasa mutum ya haɗa yana sha. Mu dai mun tsaya a na gwamnati saboda ciwon na dogon zango ne, awon sati-sati a unguwa, babban asibiti sai ranar kilinik.

Zuwanmu na watan jiya ƙanina ya ajiye kati bakwai saura, mu muka iso takwas da kwata, lamba ta goma sha huɗu, aka auna ta tara, muka shiga wajen likita sha ɗaya saura. Magani ɗaya babu a famasi sai a waje muka saya, wannan kam ban san dabararsa ba har yanzu. Sha biyu saura muna bakin titi Umma na cewa a tsaya ta sayi zogale. Takardar gwajin zuwa na gaba kuma ban bar mata ba, tana shago na manna ta da salatif a jikin kalanda.